Yadda Ake Juya Maganaɗisun Siririyar Shimfiɗa da Filin Lantarki: Jagora Daga Lissafi Zuwa Awo

Farantin kiristal da za mu yi aiki da shi bai fi farcen babban yatsa ba: milimita 10 a tsawo, 10 a faɗi, kaurinsa rabin milimita. A samansa za a shimfiɗa nikel mai kaurin nanomita 30, wanda in ka ɗaga shi ga haske ƙyalli kawai za ka gani kamar na madubi. Idan aiki ya yi kyau, kana murɗa makunnin bolt sai maganaɗisun nikel ɗin ya karkata ya fuskanci wani gefe, alhali ba ka kusanto masa da wani maganaɗisu ba, wuta kuma ba ta kwarara ta cikinsa ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce dalilin da ya sa ake ta wahala a kan abin. Duk na'urar da ke adana bayanai da maganaɗisu, daga faifan kwamfuta har zuwa ma'adanar MRAM, da kwararar wuta take rubutu, kuma duk inda wuta ta kwarara sai ta bar zafi. Shi filin lantarki cika kafasita kawai yake yi ya tsaya. Tun 1894 Pierre Curie ya yi hasashen cewa lantarki da maganaɗisu za su iya riƙe juna a cikin abu ɗaya. A 1959 Dzyaloshinskii ya nuna a lissafi cewa Cr2O3 zai yi haka, Astrov ya auna shi a 1960. Sai dai tasirin ɗan mitsitsi ne. Shi ya sa yawancin masu aikin yau suke haɗa abu biyu, kowanne gwani a fanninsa, su manne su wuri guda.

Abin da nake so ka fita da shi daga wannan jagora guda ɗaya ne. Ganin maganaɗisu ya canza bayan ka sa bolt ba shi ne nasara ba. Nasara ita ce ka iya nuna hanyar da bolt ɗin ya bi har ya isa ga maganaɗisun. Hanyoyin kuwa huɗu ne: sauyin tsawo, tarin caji a kan iyaka, ƙaurar ayon (atam masu caji), da zafi. Ukun farko ilimi ne, na huɗun kuskure ne da ke shigar burtu.

Mataki na farko: fahimci sarƙar

Za mu bi hanyar sauyin tsawo, domin ita ce ta fi sauƙi ga mai farawa, kuma tana aiki a zafin ɗaki. Sauyin tsawo shi ne abin da abu ya ƙaru ko ya ragu, a raba da tsawonsa na asali. Idan ya ƙaru mu ce miƙewa, idan ya ragu mu ce tsukewa. Da kashi cikin miliyan ake auna shi.

Sarƙar tana da gaɓa biyu. Ta farko ita ce fiyezo, wanda 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880: akwai kiristal da in ka matsa shi yake fitar da caji, in kuma ka sa masa filin lantarki sai ya miƙe ko ya tsuke. Gaɓa ta biyu ta girme ta. A 1842 James Joule ya lura cewa baƙin ƙarfe na sauya tsawo idan aka maganaɗisa shi, a 1865 kuma Emilio Villari ya nuna kishiyar haka, wato in ka ja ƙarfen ko ka matsa shi, maganaɗisunsa na canzawa. To, ka manna shimfiɗar ƙarfe a kan kiristal na fiyezo. Bolt ya motsa kiristal, kiristal ya ja shimfiɗa, shimfiɗa ta sauya inda maganaɗisunta ya fi son kwanciya. Wannan gefe da ya fi so shi za mu riƙa kira layin sauƙi, wanda ya gitta shi kuma layin wuya.

Mataki na biyu: zaɓen faranti da ƙarfe

A nan ake cin nasara ko a faɗi, tun kafin a kunna kowace na'ura.

Faranti dai kiristal na fiyezo mai suna PMN-PT za ka nema, mai kusan kashi 30 cikin ɗari na PbTiO3. Tun da Park da Shrout na Jami'ar Jihar Pennsylvania suka bayyana a 1997 irin miƙewar da wannan dangin kiristal ke yi, wadda ta ninka ta yumɓun fiyezo na PZT sau da dama, ya zama abin hannun kowa a wannan fanni. Amma sunan kaɗai bai isa ba, sai ka faɗi yankan da kake so, wato ta wace fuskar kiristal aka yanko shi; lambobi irin su 011, 001 da 100 sunayen fuskoki da gefunan kiristal ne. Ka nemi yankan 011, mai goge a fuska ɗaya aƙalla.

Ga dalili. A yankan 001, idan ka sa fili ta kaurin faranti, fuskarsa kan tsuke kusan daidai ta kowane gefe. Tsukewar da ta zo daidai ko'ina ba ta fifita wani layi a kan wani a saman faranti, don haka maganaɗisun ba shi da dalilin juyawa. Yankan 011 kuwa, da ka sa fili ta inda aka saita shi (za mu zo kan saitawa a mataki na biyar), gefen 100 tsukewa yake yi, gefen 01-1 da ya gitta shi kuma ya miƙe. Wannan bambanci shi ne jarinka. Ka tabbata mai sayarwa ya nuna maka wane baki ne 100. Ni shawarata ka ma sayi mai siffar da tsawonta ya fi faɗinta, kamar 10 da 5, don kada ka rikice bayan an rufe shi da ƙarfe, lokacin da duk bakunan suka zama iri ɗaya a ido.

Shi kuma ƙarfe, abin dubawa shi ne lambar da ake rubutawa λ, wato iyakar sauyin tsawon da yake yi idan maganaɗisunsa ya cika. Ta nikel kusan 33 ce cikin miliyan, kuma a ƙasa da sifili take. Ta CoFeB, gamin kobalt da baƙin ƙarfe da boron, tana tsakanin 20 da 30, a sama da sifili. Galfenol, gamin baƙin ƙarfe da galiyam, yakan kai ɗaruruwa, Terfenol-D kuma ya haura dubu. Mai farawa zai ce to me ya hana a tafi kai tsaye ga Terfenol-D? Yana da tabiyam da disfurosiyam, masu saurin cin iska su yi tsatsa, kuma kafin ya yi kiristal mai kyau sai an gasa shi da zafin da farantinka ba zai jure ba. Nikel ba ya son rigima: a zafin ɗaki ake shimfiɗa shi, kuma halinsa sananne ne. Da shi za ka fara.

Alamar λ ita ke gaya maka inda za a dosa. Mai λ a sama da sifili yana kwantar da maganaɗisunsa ta inda aka miƙe shi. Nikel ta inda aka tsuke shi yake bi. Ke nan a kan yankan 011 ana sa ran layin sauƙin nikel ya koma gefen 100, na CoFeB kuma ya koma 01-1. Rubuta wannan hasashe a littafinka yanzu, da kwanan wata, kafin ka ga sakamako.

Ka tanadi permalloy ma, wato nikel kusan kashi 80 da baƙin ƙarfe 20. Tasa λ kusan sifili ce. Shi ne zai zama shaidarka nan gaba.

Mataki na uku: yi lissafi kafin ka taɓa na'ura

Ƙarfin fifikon da sauyin tsawo ke haifarwa a shimfiɗa shi ne:

K = 1.5 × λ × E × Δε ÷ (1 + ν)

E taurin ƙarfen ne, na nikel kusan gigafaskal 200. ν lambar Poisson ce, mai nuna yadda abu ke tsukewa ta gefe idan an ja shi, kusan 0.31. Δε shi ne bambancin sauyin tsawo tsakanin gefe biyun. A faranti mai rabin milimita, bolt 400 na ba da filin megabolt 0.8 a kowace mita, kuma a nan Δε yakan kai dubu cikin miliyan ko fiye. Mu ɗauki dubu, wato 0.001.

200 a raba da 1.31 ya ba da gigafaskal 153. A ninka da 0.001, megafaskal 153. A ninka da 33 cikin miliyan da kuma 1.5, sai a sami kusan jul 7,600 a kowace mita kubik. Don sanin filin maganaɗisun da za ka buƙata ka tilasta wa nikel ya kwanta a layin wuya, ninka K sau biyu ka raba da cikar maganaɗisun nikel, wato amfiya 485,000 a mita. Amsa: kusan militesla 31.

Wannan lamba tana yi maka aiki biyu. Ta gaya maka cewa maganaɗisun lantarki mai kai militesla 100 ya wadatar da awonka. Ta kuma ba ka ma'aunin gaskiya. Idan ka auna ka sami 25 ko 40, kana kan hanya. Idan ka sami 3, shimfiɗar ba ta kama farantin ba, ko farantin ya tsage, ko kana auna gefen da ba shi ba. Idan ka sami 300, kada ka yi murna tukuna, akwai abin da ba ka gane ba.

Mataki na huɗu: gwada da lanƙwasa tukuna

Wannan mataki da yawa suna tsallake shi, ni kuwa ina ganin bai kamata ba, musamman ga wanda farantin PMN-PT ɗaya ko biyu kawai ya iya saya. Shimfiɗa nikel iri ɗaya a kan fallen robar Kapton mai kaurin milimita 0.1, ka naɗa shi a jikin abu mai zagaye. Sauyin tsawon da ke saman fallen shi ne kaurinsa a raba da ninki biyu na rabin faɗin zagayen. Idan rabin faɗin milimita 50 ne, ka sami 0.001 cif, daidai da abin da muka lissafa. Ka auna wannan. Babu bolt, babu caji, babu ayon, ja ne zalla. In na'urar awonka ta kasa ganin canji a nan, ba za ta gani a kan kiristal mai tsada ba.

Mataki na biyar: shirya faranti da saita shi

Wanke shi da asiton, sannan aisofurofanol, ka busar da naitirojin. Da hantsakin roba ake ɗaukar sa, ta bakuna, a hankali, domin PMN-PT na da saurin ɓantarewa, kuma ƙaramin ɓantare a baki shi ne inda tsaga ke farawa. Kada ka yanka shi ko ka goga shi a bushe. Dalma ce a cikinsa, kuma wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ba ya buƙatar a yi masa bayanin ƙurar dalma.

Sai a yi masa fuskokin lantarki sama da ƙasa: taitaniyam nanomita 5 don kamu, a bisansa filatinam ko zinariya nanomita 50 ko abin da ya yi kusa. Rufe bakunan faranti yayin shimfiɗawa don kada ƙarfe ya gangara ya haɗa sama da ƙasa. Bayan an fito da shi, ɗora mitar awon lantarki tsakanin fuskokin biyu. Ya kamata ta nuna a buɗe suke, ba haɗi ko kaɗan.

Sabon kiristal unguwanni ne barkatai, kowace unguwa da inda cajinta ya fuskanta. Saitawa ita ce a sa fili mai ƙarfi har su jeru gefe guda. Haɗa rizisto babba, megaom 1 zuwa 10, a jere da farantin don taƙaita wuta idan wani abu ya ɓaci. Ɗaga bolt sannu a hankali, kamar bolt ɗaya ko biyu a sakan, idonka a kan ma'aunin kwarara. Wajen bolt 70 zuwa 100 za ka ga kwararar ta yi tsalle sannan ta faɗi, unguwannin ne ke juyawa. A wannan gaɓa ka ƙara sassautawa, nan ne faranti ya fi tsagewa. Ci gaba har 400, ka bar shi minti goma ko fiye, sannan ka sauko da irin saurin da ka hau. Idan inda kake wuta na yawan ɗaukewa, ka ɗora na'urar bolt ɗin a kan batirin ajiya, domin faɗuwa daga 400 zuwa sifili farat ɗaya dukan kiristal ne.

Na taɓa asarar faranti ta hanyar da har yau take yi mini ciwo. Fentin azurfar da na manna waya da shi ya yi ruwa da yawa, ya silalo gefe siriri kamar gashi, ban gani ba. Ina kaiwa wajen bolt 300 na ji ɗan ƙas, na duba na tarar da baƙin tabo a baki da tsaga ta ratsa har tsakiya. Tun daga ranar, ba na kunna bolt sai na duba bakuna huɗun a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Akwai shawara ɗaya da za ka yanke a nan: a saita kafin a shimfiɗa nikel, ko bayan an shimfiɗa? Idan bayan ne, ita kanta saitawar za ta ja nikel ɗin, ya tashi da fifikon da ba ka sani ba tun kafin ka fara awo. Na fi son a saita tukuna, don halin da nikel ya kwanta a kai ya zama shi ne sifilinka. Kowanne ka zaɓa, rubuta shi, saboda fassarar duk abin da zai biyo baya a kansa ta rataya.

Bolt 400 ba abin wasa ba ne. Farantin kafasita ne, yana riƙe caji bayan an kashe na'ura, yana ma tara sabo idan zafinsa ya sauya. Haɗa fuskokinsa biyu ta rizisto kafin ka kai hannu.

Mataki na shida: shimfiɗa nikel

A na'urar feshin atam ake yi, inda ayon na agon ke dukan dunƙulen nikel, ƙwayoyinsa su fallatsa su sauka a kan faranti. Zuƙe iska har matsin ya sauka wajen 10⁻⁷ tor, sannan ka saki agon zuwa kusan militor 3. Nanomita 20 zuwa 40 ya isa, ka rufe da filatinam nanomita 2 ko 3 don kare tsatsa.

Zafi shi ne abokin gaba a nan. PMN-PT irin wannan yana sauya fasali wajen digiri 90, ya rasa saitinsa gaba ɗaya wajen 130 zuwa 150. Kada ka kunna abin ɗumama faranti, ka rage ƙarfin feshi, in da hali ka riƙa hutawa tsakani. A cikin zubi ɗayan ka sa guntun silikon a gefe, don ka san halin nikel ɗin a inda babu mai jan sa. A wani zubin kuma ka yi na permalloy a kan irin farantin.

Mataki na bakwai: auna sauyin tsawon shi kansa

Kada ka ɗauki lambar miƙewa daga takardar wani ka ɗora a kan farantinka. Ko daga dunƙule ɗaya aka yanko faranti biyu, yawan PbTiO3 nasu kan ɗan bambanta, halinsu ma ya bambanta. Manna ƙaramin ma'aunin miƙewa mai fuska biyu, ɗaya ta 100, ɗaya ta 01-1, a kan faranti ɗan'uwan naka ko a kusurwar naka in da wuri. Ka zana sauyin tsawo a kan bolt.

Daga sifili zuwa 400 da dawowa, za ka ga kusan miƙaƙƙen layi. A wasu farantan, kafin a kai ƙarshe layin kan yi tsalle, alamar filin ya tura kiristal ɗin zuwa wani fasali. Idan kuma ka zagaya daga 400 ta sama zuwa 400 ta ƙasa, zanen zai fito kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Ka riƙe wannan siffa a ranka. Amma kada ka yawaita irin wannan zagaye, kowane tsallake filin juyawa, wato inda unguwannin ke juyawa, yana rage wa faranti kwana.

Lura da yadda ka kafa samfurin. Idan ka shafe bayansa duka da gam ka danna a kan tagulla, ka ɗaure shi ke nan, ba zai motsa yadda ya kamata ba. Ɗigo ɗaya a tsakiya ko a kusurwa ya isa.

Mataki na takwas: auna maganaɗisu

Hanya mafi dacewa ita ce ta Kerr. John Kerr ya gano a 1877 cewa hasken da ya dawo daga fuskar ƙarfe mai maganaɗisu yana ɗan jirkita fuskar kaɗawarsa. Kayan aikin su ne leza, kamar jar nan ta nanomita 633, matatan haske biyu, na'urar karɓar haske, da maganaɗisun lantarki. Alherinta shi ne ba ta taɓa samfur, don haka wayoyin bolt na nan a haɗe kana awo. Idan VSM kake da ita, wato na'urar da ke girgiza samfur tana auna maganaɗisunsa, ita ma ta yi, sai dai ka kula da wayoyi da fentin da za su riƙa girgiza tare da samfurin.

Jera filin maganaɗisu da gefen 100, ka ɗauki madaukin maganaɗisu, wato zanen yadda maganaɗisun nikel ke bin filin yayin da kake kai shi gaba da baya, a bolt sifili, 100, 200, 300, 400, ka sauko ta hanyar. Bayan kowane sauyi ka jira minti ɗaya ko biyu, saboda kiristal ɗin na ci gaba da ɗan jan jiki bayan bolt ya tsaya. Sannan ka juya samfurin digiri 90 ka maimaita.

Abin da ya kamata ka gani ga nikel: ta gefen 100, madaukin na ƙara zama murabba'i, yana riƙe kusan duk maganaɗisunsa ko an cire fili. Ta gefen 01-1, yana kwantawa ya zama karkataccen layi, kuma inda layin ya cika shi ne filin da za ka gwada da militesla 31 ɗinka, bayan ka gyara lissafin da Δε na gaskiya. Ranar da mutum ya fara ganin madauki na kwantawa a allo yana murɗa makunni, ba ya manta ta.

Tabon leza na motsawa kaɗan idan faranti ya motsa, ƙarfin hasken da ke dawowa ya canza. Shi ya sa siffar madauki ake kwatantawa bayan an daidaita tsayinsa, ba tsayin kansa ba.

Mataki na tara: tuhumi sakamakonka

Yanzu mu koma kan hanyoyi huɗun nan.

Zafi shi ne mafi sauƙin kora. Duba wutar da ke zurarewa. Idan nanoamfiya 10 ce a bolt 400, maikurowat 4 ke nan, ba abin da zai ɗumama. Idan ta kai maikuroamfiya da yawa, akwai yoyo, ka tsaya ka nemo shi.

Caji kuwa ba ya nisa cikin ƙarfe. Elektron na kan iyaka suna tare filin a cikin tazarar da ba ta kai rabin nanomita ba, don haka sai shimfiɗa ta sauka zuwa nanomita ɗaya ko biyu kafin a ji tasirinsa sosai. Naka nikel ɗin nanomita 30 ne, ga filatinam a tsakaninsa da kiristal, wanda ke tare caji amma ya bar ja ya wuce. Siffar zane ma shaida ce. Tasirin caji yana juya alama idan bolt ya juya, na sauyin tsawo kuwa yana bin fukafukan malam-buɗe-littafi. Ɗora zanen maganaɗisu a kan zanen ma'aunin miƙewa. Idan sun bi sawun juna har da tsalle-tsallensu, ka sami hujja mai ƙarfi.

Ayon da lokaci ake gane su. Ƙaurar oksijin ko haidurojin a zafin ɗaki takan ɗauki sakanni zuwa mintuna, tana ƙara sauri in an ɗumama, kuma canjin na zama bayan an cire bolt. Ƙungiyar Geoffrey Beach a MIT ta nuna a 2015 cewa tura oksijin zuwa iyakar kobalt da GdOx na iya kashe fifikon maganaɗisun kobalt ɗin, a kuma dawo da shi. Fanni ne mai kyau, amma dabam yake, bai kamata a ba shi sunan wani ba.

Sai shaidar ƙarshe: samfurin permalloy. Idan shi bai motsa ba alhali nikel ya motsa, magana ta ƙare. Idan shi ma ya canza daidai da nikel, ba Villari kake gani ba.

Mataki na goma: sa canjin ya zauna

Duk abin da muka yi zuwa yanzu, da an cire bolt yake komawa. Ma'adana kuwa sai ta riƙe. Dabarar da ƙungiyar Greg Carman a UCLA ta nuna a 2011, da nikel a kan yankan 011, ita ce a juya bolt ta ƙasa a tsaya dab da filin juyawa, kada a tsallake. A wannan gaɓa cajin unguwanni da yawa kan kwanta a shimfiɗe cikin fuskar faranti maimakon ya kifa ƙasa gaba ɗaya, kuma in ka koma sifili sauyin tsawon na nan. Bolt mai ƙarfi ta sama shi ke goge shi. Ka sami hali biyu a bolt sifili. Nemo wannan gaɓa da ƙananan matakai, kamar bolt biyar biyar, idonka a kan ma'aunin miƙewa, domin tazarar ƙarama ce kuma kowane faranti da tasa.

Sai dai ka san iyakar hanyar. Ja da matsi layi suke zaɓa, ba su san gaba da baya ba. Za su iya karkatar da maganaɗisu digiri 90, amma su kaɗai ba za su kifar da shi digiri 180 ta hanyar da za a dogara da ita ba, sai an haɗa da siffar ƙwayar, ko ƙaramin fili na taimako, ko bugun bolt mai ƙayyadadden lokaci. Akwai kuma matsalar ƙanƙantawa: fiyezo da aka yi shi siriri a kan silikon, silikon ɗin na riƙe shi ya hana shi miƙewa yadda kauri ke yi.

Idan kana son gwada hanyar caji

Hideo Ohno da abokan aikinsa a Jami'ar Tohoku sun nuna ta a 2000 a cikin InMnAs, amma cikin tsananin sanyi. A 2007 aka gan ta a FePt da FePd a Grenoble, a 2009 kuma masu bincike a Osaka suka ga canjin fifiko na kusan kashi 40 cikin ɗari a baƙin ƙarfe mai kaurin 'yan atam a ƙarƙashin MgO. Tsarin da aka fi amfani da shi yau shi ne tantalam nanomita 5, CoFeB kusan nanomita 1, sai MgO, a kan silikon, a gasa wajen digiri 300 don maganaɗisun ya miƙe tsaye.

Nan ma lissafi za ka fara. Tasirin a CoFeB da MgO yakan kasance gomman femtojul a kowane bolt-mita. Ɗauki 50. Filin bolt ɗaya a nanomita zai ba da maikurojul 50 a murabba'in mita, alhali fifikon iyakar kansa ya haura milijul ɗaya. Kashi huɗu ko biyar cikin ɗari ke nan. Don ka gan shi ƙarara, sai ka zaɓi kaurin CoFeB a daidai inda tsayuwa da kwanciya ke kokawa, inda ɗan turi kaɗan ke rinjayar da shi. Shi ya sa ake shimfiɗa shi da gangare, kauri a wannan baki, siriri a wancan, a sassaƙa ƙananan gicciye na awon Hall a jere, wato awon maganaɗisu ta bolt ɗin da ke bayyana a gefe idan wuta ta ratsa, a nemo wanda ya faɗa kan gaɓar. Bolt ɗaya a nanomita kuma dab yake da inda MgO ke hudewa, don haka ka ƙara masa rufin HfO2 ko Al2O3 mai nanomita goma ko ashirin, ka yi gicciye da yawa a guntu ɗaya, ka fara da waɗanda ba ka damu da su ba.